Allura Ba Zare

Daren Laraba, bayan lisha,
Baba Cindo ya soke allurarsa a wuyan riga,
aska takwas saura uku,
ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi.
Kafin Inna ta kawo ruwa
tasa ta cika da abin da ba mu zuba ba,
ja da baƙi, guda-guda.

Daga Kwarbai zuwa Shika tafiya ce
ga mai riƙe da kan ubansa a cinya.
Na ƙirga Ƙofar Doka, na ƙirga Kwangila,
a Samaru lissafi ya ƙwace mini,
sai Ya Laɗifu kawai ke fita.

Dakta Rakiya ta zana mana a bayan takardar magani.
Ga hanta, ta ce, ta ƙeƙashe kamar ƙirgi.
Jini ya zo wucewa ya tarar da ƙofa a garƙame,
ya ratse ta lungu,
ta jijiyoyin hanyar abinci,
waɗanda ba a halicce su don ambaliya ba.
Sun kumbura. Ɗaya ta ɓalle.
Ta ce, yana yaro ya sha wanka a rafi?
Inna ta sunkuyar da kai:
ai Galma ce ta raine shi.
Tsargiyar da aka yi wa dariya a dandali
ashe bashi ta rubuta,
shekara hamsin ba ta turo ɗan aike ba.

Maganin babu a asibiti ranar.
Kanti uku na shiga a Tudun Wada,
na huɗu ya miƙo 'yar kwalba
ba ta kai ɗan yatsana ba,
fari tas kamar ruwan randa.
Kuɗinta ya lashe buhun masararmu biyu.
Na sa ta a aljihun gaba,
na dafe da hannu har Shika
kamar mai rantsuwa.

Ba su bar ni na shiga ba.
Sama'ila, da ya ba da jini leda guda,
yana kan benci yana tsotsar lemo.
Daga baya aka ba mu labari:
bututu mai ido ya bi ta baki,
fitilarsa kamar ƙwayar gero,
ya sauka inda ko loma ba ta tsayawa,
allura ta leƙo daga bakinsa
ta ɗiga wa jijiya abin da zai ƙona ta daga ciki.
Jini ya daskare, bango ya manne da bango.
Rauni ne aka yi da gangan
don tabo ya tsaya gadi.

Kwana biyu ƙirji na zafi,
kunu mai ɗumi, cokali-cokali,
tuwo sai kallo.
Dakta ba ta yi mana romon baka ba:
ɓaraka na toshe, in ji ta, hantar tana nan yadda take.
Ku dawo bayan mako biyu,
mu sake dubawa, watakila mu sake sokawa.

Da muryarsa ta dawo, a dushe,
bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi jinin ba.
Ya ce, yarinyar nan, da wane zare ta yi?
Na ce babu zare, Baba.
Ya daɗe yana kallon silin.
Shekara arba'in da allura a hannuna, ya ce,
ban taɓa ɗinka abin da ban taɓa da yatsa ba.
Gaishe ta.

Yau rigar na kan gwiwarsa a zaure.
Mai ita ya aiko sau biyu.
Hannu na rawa,
zare ya ƙi kafar allura, ya sake ƙi.
Na miƙa hannu, ya buge shi.
Ina zaune dai.
Tasar nan Inna ta wanke ta da toka,
ta kife ta a bayan ɗaki,
har yau ba wanda ya ci abinci a ciki.